Guɗa Cikin Matashin Kai

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Hindawiyya ta Jidda a shekarun nan ya ci masar Gwadabe, ko da bai san sunansa ba. A bakin wani lungu yake zama da tandarsa da bokitin ƙullu da tukunyar miyar taushe, daga an sauko sallar asuba har rana ta fara cizo. Dogo ne baƙi siriri, ba ya rabo da farar jallabiya da carbi a hannun hagu. Ka gaishe shi ya amsa a gajarce, ya zuba maka ya miƙo, idonsa na kan tanda. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce ustazanci. Babu wanda ya canka. Bakinsa yake tsoro da hannuwansa, domin su biyun nan da zarar ya sakar musu, sai su tona shi.

Gwadabe ɗan daudu ne. Tun yana gidan ubansa a Gusau maganarsa ta mata ce, zamansa na mata, ko hanya zai nuna maka sai hannun ya lanƙwashe. Uban ya yi duka har ya gaji, aka yi rubutu aka ba shi ya sha, ba abin da ya canja illa ya ƙware wajen kuka ba sauti. Da ya kai shekara ashirin ya koma wajen masu tuwo a bakin tasha ya koyi girki. Abu guda da ya yi suna a kansa shi ne guɗa. In ya kama hanci ya rangaɗa ta, sai ta hau hawa uku kafin ta sauko, har daga wata unguwa mata kan aiko a ɗauke shi ranar kai amarya. A 1978 wata hajiya da yake yi wa girki ta biya masa kujerar Makka. Ya sauke farali, ranar komawa jirgi ya tashi babu shi.

Kwanansa tara a Jidda yana kwana a barandar masallaci, sai wata rana a kasuwar Bab Makka ya tsaya gaban shagon yadi yana nuna wani leshi da ba shi da halin saye. Ya manta kansa, hannu ya tashi, wuya ya karkace. Wani dattijo mai ƙiba da ke tsaye kusa ya matso, bai ko dube shi ba, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ke 'yar nan, sauke hannunki. Nan ba gida ba ne."

Gwadabe ya sauke hannu da sauri. Da ya gane ba kama shi za a yi ba, sai hawaye. Wannan dattijo shi ne Na'ibi, mutumin Damagaram, mai sayar da dafaffen wake, wanda ya riga shi zuwa da shekara goma sha biyar. Ya sa shi gaba har wani tsohon bene a Hindawiyya, ya ba shi tabarma da abinci, ya ce daga yau shi ne uwarsa. Haka tsarinsu yake. Babba ya ɗauki ƙarami ya riƙe, a kira shi uwa, waɗanda ya riƙe su zama 'ya'yansa mata, kowa da sunan da aka raɗa masa a ɗaki. Gwadabe aka sa masa Zaituna, saboda baƙinsa mai sheƙi irin na 'ya'yan zaitun.

Abin da Na'ibi ya fara koya masa shi ne tafiyar waje. Ka taka ƙasa kamar kana jin haushinta, kafaɗa a tsaye, ido a gaba, murya daga ƙirji. Hannuwa kuwa, da yake su ne marasa jin magana, sai ya damƙa masa carbi. "Ki yi tasbihi ki sami lada," in ji shi, "su kuma su sami abin riƙewa." Sai da ya ga ya iya wannan sarai, sannan ya hau da shi ɗakin sama ranar Alhamis.

Ɗakin ba shi da taga ta ɓangaren titi. Bayan la'asar ake taruwa, lokacin da unguwa ta fi hayaniya, kuma kafin kiran magariba kowa ya watse. A ƙure na'urar sanyaya ɗaki ta yi ta ruri, a toshe ƙarƙashin ƙofa da bargo. Mutum goma sha biyu, wani lokaci ashirin, su zauna layi biyu a jikin bango su bar hanya a tsakiya. A kife ƙwarya a kan ruwa cikin baho, a kaɗa ta da tafin yatsu, ba da sanda ba. Uwa ta zauna can ƙurya a kan kujera da koren gyale mai zaren zinariya a cinyarta. Sai a fito ɗaya bayan ɗaya, daga bakin ƙofa zuwa gaban uwa a dawo.

Rawa ce, amma tafiya suke kiranta, kuma kowace da sunanta. Akwai tafiyar hajiyar da ta sauka daga jirgi tana son a ga haƙorin Makka. Akwai ta matar attajiri da ta zaga kasuwar zinariya ba ta ga abin da ya yi mata ba. Akwai ta bazawarar da ta wuce ta gaban shagon tsohon mijinta. Mai tafiya ya yi taku uku ya tsaya cak, hannu ɗaya a ƙugu ɗaya ya zagaye fuska, ya gyara ɗan kunnen da babu shi, ya yi fari da ido, ya karye har ƙasa ya miƙe ba tare da ya dafa ba. In biyu suka ja da juna, sai a sake su tare su yi ta habaici da kafaɗa, ba mai taɓa wani, ba mai cewa uffan. Wadda ta fi, uwa ta tashi ta yafa mata koren gyalen, ta riƙe shi har magariba.

Mutanen nan fa, duk mako su ne masu wankin banɗaki da dako a bakin teku da sharar kantuna. Da furfurarsu yaron shago zai daka musu tsawa ya ce "ya takruni", sunan raini da ake kiran baƙaƙen Afirka da shi, su ce na'am. Baƙar fata, ba takarda, ga kuma abin da suke ɓoyewa wanda in ya fito ko 'yan uwansu Hausawa ba za su tsaya musu ba. Awa biyu a mako ne kawai wani yake dubansu ya ce sun yi kyau. Wanda bai taɓa rasa wannan ba, yana iya yin dariya.

Abu ɗaya ne ɗakin ba ya ɗauka, shi ne guɗa. Kiɗan ƙwarya ruri ya haɗiye shi, amma guɗa ko bango bakwai sai ta ratsa. Don haka Na'ibi ya ajiye wani matashin kai mai jar riga a hagun duk wanda ke da guɗar ranar. In an yafa gyale, mai guɗa ya jawo matashin ya danna fuskarsa a ciki ya saki murya. Abin da 'yan ɗaki ke ji bai wuce wani ɗan kuka a shaƙe ba, amma da shi suke shewa ƙasa-ƙasa suna tafa hannu. Tun ranar farko da aka ji ta Gwadabe, matashin bai sake barin hagunsa ba.

A 1983 ya yi aure. Rabi'a sunanta, bazawara ce mai sayar da gyaɗa a Bab Makka, kuma ta san ko shi wane ne tun kafin ya buɗe baki. Da ƙawayenta suka yi mata tsiya, cewa ta yi ta auri maza biyu masu muryar maza, ta ga abin da ta gani, yanzu tana son wanda ba ya duka kuma ya san gishiri. Suka zauna a ɗakin ƙasa na benen nan lafiya lau. Ranar Alhamis ita ke goge masa ɗankwali ta naɗe a leda ta miƙa masa, ta zauna a bakin matakala tana ɓarar gyaɗa, in ta ga baƙuwar fuska ta yi tari. Bayan shekara biyu ta haifi 'ya mace a ɗaki, a hannun ungozoma, aka sa mata Luba.

Shekarun da suka biyo baya sun yi masa kwasa. A 1991 kame ya rutsa da Na'ibi a kasuwa da tukunyar wakensa, aka mayar da shi Nijar. Saƙo ɗaya ya iya aikowa ta bakin wani da aka saki: a ba Zaituna gyale, kada a bar ɗaki ya mutu. Haka Gwadabe ya hau kujerar uwa yana kuka. A 1994 kuma Rabi'a ta kwanta ciwon kwana shida ta cika. Luba tana da shekara tara.

Shi ya rene ta. Ya yi mata kitso, ya koya mata girki da tsarki da salla, ya kai ta wajen wata malama a lungu ta yi karatu, domin makaranta sai da takarda. Ta tashi Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinta, ta iya ƙunshi har ana kiranta gidajen biki. Doka ɗaya ya kafa mata, ba ta hawa sama ranar Alhamis. Ya ce mata zaman kawunnanta ne na 'yan gari ɗaya, ita kuma ba ta taɓa tambaya ba. A gabanta ma tafiyar waje yake yi, har cikin ɗakinsu, carbi a hannu. Yana ganin iyakar gatan da zai yi mata ke nan, ta sami uba irin na kowa.

Abin da ke hana shi sukuni shi ne takarda. Luba ba ta da iƙama, wato izinin zama, ba ta da fasfo, ba wani littafi a duniya da aka rubuta an haife ta. Duk fitar da za ta yi da jakar lalle, sai ya bi bayanta da ido har ta sha kwana. In aka kama ta, Najeriya za a kai ta, ƙasar da ba ta taɓa gani ba, wajen dangin da suka daɗe da shafe sunan ubanta.

Sai ga Othman a 2008. Saurayi ne mai hankali, yana aiki a wani kantin magani, ya ga Luba a bikin ƙanwarsa ya ce ita yake so. Su ma asalinsu Hausawa ne, amma kakansu tun zamanin tafiyar hajji ta ƙasa ya zo, suna da takardar 'yan ƙasa. Uban, Abdulghaffar, tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, mutum mai kamewa wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana gina sunan gida, don kada a sake kiran 'ya'yansa da abin da aka kira ubansa. Ya yi jinkiri, ya yi bincike, aka ce masa uban yarinya mai masa ne, ba ya fashin jam'i, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Ya amince, ya kuma ce in an yi aure zai shiga ya fita har Luba ta sami takarda.

Ranar da maganar ta tabbata, Gwadabe ya hau sama ya tara 'ya'yansa ya ce an rufe ɗaki sai bayan biki, kuma kada ko ɗaya ya je ɗaurin aure. Muntaka tela, wanda shi ne babbar 'yarsa a ɗakin, ya dube shi.

"Uwa, Luba fa ƙanwarmu ce. A bayana ta yi barci ranar da aka kai Rabi'a."

"Na sani, 'yar nan. Ku yi mini rai. Mutum ɗaya in ya ga tafiyarki, an gama."

"To ke fa?"

"Ni shekara talatin ina yi, ba a taɓa kama ni ba."

Muntaka ya tashi ya sauka. Bayan kwana uku ya aiko da sabuwar jallabiya da ya ɗinka masa, ya faɗaɗa kafaɗun da gangan.

Wata huɗu Gwadabe yana shiri. Ya tsayar da gemu. Ya riƙa maimaita kalmomin da waliyyi ke faɗa yana juya masa a tanda, yana saukar da murya har maƙogwaro ya yi zafi. Ya koyi zama da gwiwoyi a buɗe, ya koyi karɓar ƙaramin kofin gahawa ba tare da ɗan yatsa ya tashi ba. Duk abin da zai iya tona shi ya lissafa ya yi maganinsa. Wanda ya tsallake masa shi ne wanda bai taɓa yi a waje ba, balle ya ji tsoronsa.

Aka sa ɗaurin aure ranar Alhamis bayan la'asar, a falon baƙi na gidan Abdulghaffar. Maza sun kai talatin, an jeru a jikin bango layi biyu an bar tsakiya, na'urar sanyi na ruri, turaren wuta na tashi. Mata suna can ciki bayan ƙofa. Gwadabe ya shiga da sallama mai kauri, ya zauna daidai, ya amsa gaisuwa daidai. Malam ya yi huɗuba, ya tambaye shi, ya ce ya ba Othman auren 'yarsa Luba, murya ba ta yi rawa ba. Othman ya karɓa. Aka ɗaga hannu aka yi addu'a aka shafa.

Yana sauke hannu daga fuska abin ya taso masa. An ɗaura. 'Yar Rabi'a ta sami gida, ba mai jefa ta a mota ya kai ta inda ba ta sani ba. Daɗi ya cika masa ƙirji har ya rasa inda zai sa shi. Ga layi biyu, ga ruri, ga lokacin da jikinsa ya saba da shi shekara talatin. Hannun hagu ya saki carbi ya lalubi matashin kai, bai sami komai ba sai gwiwar wani dattijo. Kafin hankalinsa ya iso, na dama ya riga ya kama hanci.

Guɗar ta fita duka. Ta hau hawa na ɗaya, ta hau na biyu, ta kai na uku ta yi ta karkarwa a can, irin wadda rabonsa da jin ta a sarari tun Gusau. Shi kansa sai da ya ji ta a kunnensa ya san daga bakinsa take. Mata a ciki suka ɗauka alama ce aka ba su, suka amsa da tasu. A falo kuwa mai zuba gahawa ya tsaya da buta a sama. Wani saurayi ya ƙyalƙyale da dariya, ubansa ya harare shi ya haɗiye. Malam ya sunkuyar da kai yana gyara takardunsa. Gwadabe ya dubi hannunsa yana nan a lanƙwashe kusa da fuska, ya sauke shi a hankali, ya tsinci carbinsa a kan kafet.

Abdulghaffar ya jira aka ci dabino aka fara fita, sannan ya ja shi gindin matakala.

"Ya Abu Luba," ya ce, muryarsa ƙasa, "an taɓa kawo mini wata magana a kanka, na ce ƙarya ce, na kori mai maganar. Yau ka gaskata shi a falona, gaban surukaina."

"Laifina ne, Alhaji. Yarinyar ba ta san komai ba."

"Wallahi ban san me zan ce maka ba. Ubana dako ya yi a garin nan ana zaginsa. Shekara sittin muna wanke sunanmu." Ya murza goshi. "Je ka gida. Zan yi shawara."

Kwana uku ba labari. Gwadabe bai kunna tanda ba. Luba ta dawo ta shige bayan labule, in ya ajiye mata abinci ta ce ta gode, shi ke nan. Ya so ta yi kuka ko ta zage shi, ba ta yi ko ɗaya ba. Bai taɓa tsanar wani abu a jikinsa kamar yadda ya tsani maƙogwaronsa a kwanakin nan ba. Ya roƙi Allah, in akwai abin da za a karɓa a bar wa yarinyar aurenta, a karɓa ko mene ne.

Rana ta huɗu Abdulghaffar ya zo da kansa, bai shiga ba, a bakin lungu suka tsaya. Ya ce Othman ya ƙi sakin matarsa, shi ma kuma ba zai kwance abin da aka ƙulla da sunan Allah ba. Biki na nan ranar Alhamis, maganar takarda ma tana nan. Amma da sharaɗi. Gwadabe ba zai je wajen biki ba, ba zai taka gidansu ba, ko suna ko rasuwa. Duk wanda ya tambaya za a ce uban amarya ya koma Najeriya.

"Na yarda," in ji Gwadabe.

"Ka yi tunani tukuna."

"Na yarda, Alhaji. Allah Ya saka da alheri." Har zuciyarsa ya faɗa.

Ranar Alhamis tun hantsi mata suka zo suka tafi da Luba wajen kwalliya. Da la'asar ta yi, ya rasa inda zai zauna a ɗakin ƙasa, ko'ina kayanta ne da aka kwashe suka bar gurbi. Ya hau sama ya buɗe ɗakin da ya yi wata huɗu a rufe, ya zauna a kujera da gyale a cinya. Bai kira kowa ba, amma sai ga Muntaka, sai ga wani, har suka kai tara. Suka zauna layi biyu. Ba wanda ya ɗauko ƙwarya, zaman ya fi kama da na makoki.

Suna nan suka ji taku a matakala, takun takalmi mai tsini. Kowa ya ƙame. Aka tura ƙofa, bargon da aka toshe ta da shi ya ja baya. Luba ce cikin baƙar abaya. Ta maida ƙofa ta rufe, ta zare abayar, sai ga farar rigar amarya har ƙasa, hannuwa sun sha lalle.

Gwadabe ya miƙe yana ƙoƙarin tura gyalen bayan kujera. "Me ya kawo ki nan? Sauka. In suka ji..."

"Othman na ƙasa a mota, shi ya kawo ni. Halas, ya isa, Baba, bar ɓoye shi. Ana arfa, na sani tun tuni." Hausarta na tuntuɓe kamar kullum in ranta ya motsa. "Da Mama ta rasu, wa kake zaton ya zauna a bakin matakala? Ni ce nake tari in na ga baƙo. Shekara goma sha huɗu ina jin muryar nan a toshe. Ran nan da na ji ta ta bango, a buɗe, na san tawa ce, don ni aka yi."

"Na kusa kashe miki aure."

"Ka kusa. Kwana uku ina jin haushinka. Da Othman ya gaya mini abin da ka yarda da shi, sai na rasa haushin wa zan ji." Ta share ido da bayan hannu don kada kwalli ya ɓaci. "Baba, anjima za a ce in shiga gaban mata ɗari biyu. Ban iya tafiyar amarya ba, ba ni da uwar da za ta nuna mini. Yalla, maza nuna mini."

Ya dubi Muntaka, Muntaka ya riga ya jawo baho. Aka kife ƙwarya, yatsu suka fara. Gwadabe ya ajiye carbi a kan kujera ya tafi bakin ƙofa ya juyo. Dattijo ne mai shekara hamsin da uku, da gemun da ya tsayar don surukai, da jallabiya mai faffaɗan kafaɗu. Ya sauke kai, ya sassauta wuya, ya ɗaga ƙafa kamar ƙasa za ta ji zafi. Taku uku ya tsaya, ya ɗago ido kaɗan ya mayar, hannu ɗaya riƙe da gefen mayafin da babu shi. Luba ta sa hannu ta rufe baki. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin ubanta yana tafiya ba nauyi a kafaɗarsa ba sai yau.

"Kada ki yi sauri," ya ce mata, da muryarsa ta ainihi, siririya mai taushi. "Su ke jiran ki, ba ke ke jiran su ba. Taho."

Ta taho. Ta farko ta yi gaggawa, aka mayar da ita. Ta biyu ta taka rigar, Muntaka ya tashi ya kama mata da allura. A ta uku ta zo daidai, daga bakin ƙofa har gaban kujera, tsofaffin nan tara suna tafi ƙasa-ƙasa hawaye na bin gemunsu. Gwadabe ya ɗauki koren gyalen Na'ibi ya yafa mata a kan farar rigar. Sannan hannunsa na hagu ya tafi neman matashin kai mai jar riga.

Luba ta riga shi. Ta ɗauke ta rungume a ƙirji da hannu biyu.

"La, a'a, Baba. Amarya ce a gidan nan, duk lungu ya sani. Wa zai tambayi daga bakin wa ta fito?"

Ya kama hanci ya rangaɗa ta. Ta ratsa bargo da ƙofa ta sauka har titi, matan maƙwabta suka amsa ta tagoginsu, Othman a mota ya ɗaga kai. Kafin kiran magariba Luba ta cire gyalen ta ninke ta mayar masa a cinya, ta durƙusa ya dafa kanta, ta sa abaya ta sauka. Matashin kai kuwa ba ta mayar ba, da shi ta tafi a hammata.

Gwadabe ya cika alkawari, bai taɓa taka gidan ba. Takardar Luba ta fito bayan shekara uku, Othman ya biyo ta lungu da sassafe ya nuna masa a bakin tanda, ya karɓa ya juya gaba da baya duk da bai iya karatun ba. A 2012 kame ya rutsa da shi da bokitin ƙullu a hannu, aka mayar da shi ƙasar da ya bari shekara talatin da huɗu, Muntaka ya hau kujera. A shekarar Luba ta haifi 'ya mace. Ranar suna baƙi suka tambayi kakan jaririya, aka ce yana Najeriya, wannan karon ba ƙarya aka yi ba. Wata daga dangin miji ta ga tsohon matashin kai mai koɗaɗɗiyar jar riga a gadon jaririyar, ta ce a canja shi da sabo mana, ga su nan an kawo da yawa. Luba ta ce a bar shi, a kansa yarinyar ta fi yin barci.